AIKIN GAYYA DA RUWAN FAMFO A ƘASAR MALAWI

A cikin shekarar 1968 ne mutanen Chingale, wani yanki da ke gindin dutsen Zomba a kudancin ƙasar Malawi, suka ɗauki fartanya da diga suka shiga haƙa rami mai tsawo tun daga kan dutse har zuwa ƙauyukansu. Nufinsu shi ne su jawo ruwan ƙorama zuwa bakin gidajensu. Da yake ruwan daga tudu yake gangarowa da kansa, ba a bukaci inji ko man fetur ba.

An raba aikin gida biyu. Gwamnati ce ta ba da bututu da siminti da ma'aikatan da suka auna hanya. Jama'a kuwa suka ba da ƙarfinsu kyauta. Masu unguwa suka yanka wa kowane ƙauye rabonsa na haƙa, maza da mata suka yi dakon bututu, suka shimfiɗa, suka binne. Kowane famfo aka kafa masa kwamiti mai lura da tsabtarsa, aka kuma koya wa waɗansu 'yan gari gyaran bututun da ya fashe. Ganin nasarar Chingale ya sa aka faɗaɗa shirin zuwa kewayen dutsen Mulanje da sauran wurare, ƙasashen waje kamar Amurka suka ba da gudummawa.

Amma fa gini daban, riƙo daban. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa kusan rabin ayyukan da aka duba ba sa ba da ruwa yadda ya kamata. Kwamitocin sun iya ƙananan gyare-gyare, to amma idan ambaliya ta kwashe bututu a mashigin kogi, ko tanki ya tsage, abin ya fi ƙarfinsu. Ruwan kyauta ake sha, saboda haka babu asusun gyara, kuɗin da gwamnati take ware wa aikin kuma ba su isa ba. Daga baya ne aka kafa ƙungiyoyin masu shan ruwa, waɗanda suke karɓar ɗan kuɗi daga magidanta.

Lalle akwai abin lura a nan ga ma'aikacin gwamnati. Gayya tana iya haƙa rami, amma tun kafin a sari ƙasa ya kamata a san wanda zai biya kuɗin gyara bayan shekara goma.