Ɗanka Ya Ƙera Sabon Abu? Kada Ku Yi Saurin Kai Shi Kasuwa

Allah bai hana ƙasarmu masu basira ba. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Dutse, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan ke bushewa, sai cikin tukunyar ya yi sanyi, har yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur a nan Kano.

Watakila a gidanka ma akwai yaron da ba ya barin waya da ƙarfe su huta. To, idan ya fito da abin kirki, yaya za a yi kada wani ya ci guminsa?

Nijeriya tana da doka a kan wannan tun 1970. Mai ƙirƙira yakan nemi takardar haƙƙin mallaka a ofishin rajista na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja. In ya samu, babu mai ikon ƙera abin ko sayar da shi sai da yardarsa har shekara 20, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Amma ikon takardar a Nijeriya ya tsaya. Mai son tsaro a Nijar, sai ya nema a ofishin OAPI da ke Yawunde.

Ga inda iyaye za su buɗe kunne. Dokar tana duban wanda ya riga kai takarda, ba wanda ya riga yin tunani ba. Lalle in an sace maka dabara kana da ikon ƙara, amma shari'a tana cin kuɗi da shekaru. Sa'an nan dole abin ya zama sabo, watau ba a taɓa bayyana wa jama'a shi ba. Uba ya ji daɗi, ya ɗauki hoton injin ɗansa ya sa a Facebook, ko ya kai wa maƙera su buga guda goma a sayar. Da hannunsa ya raunana haƙƙin yaron, gama abin da duniya ta gani ya daina zama sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka a saya wa yaron littafi, ya riƙa zana aikinsa yana sa kwanan wata. Wanda ya zama tilas a nuna masa, ya sa hannu a kan alkawarin riƙe asiri. Daga nan a nemi taimako. Hukumar NOTAP a Abuja, wadda aka kafa a 1979, tana taimakon masu ƙirƙira wajen shirya takardu da yin rajista. A Kano kuwa akwai cibiyar gwamnati ta renon sababbin sana'o'in fasaha a Farm Centre, ba nisa da Nassarawa, inda akan ba masu farawa wurin aiki da shawara.

Iyaye, ku yaba wa yaro a gida, ku ƙarfafa shi. Amma rajista tukuna, kafin talla.