Hadari a filin shaƙatawa

A wasu manyan biranen duniya akwai filayen da aka gina domin wasa da shaƙatawa kawai. Iyaye sukan sayi tikiti, su shiga da ƴaƴansu, su wuni a ciki. Akwai lilo iri-iri, da ƙananan jiragen ƙasa masu gudu bisa dogo mai hawa da gangara, da jiragen ruwa, da gidajen kallo, da wuraren cin abinci.

Ɗaya daga cikin mafiya girma shi ne Walt Disney World. Yana kusa da birnin Orlando, cikin jihar Fulorida, a kudu maso gabashin Amurka. An buɗe shi ran 1 ga watan Oktoba na shekara ta 1971. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilometir 100, kuma manyan filaye huɗu ne a cikinsa. Miliyoyin mutane ke zuwa can kowace shekara.

Sai dai baƙon da ya zo tsakanin watan Yuni da na Satumba, dole ya shirya wa hadari. A waɗannan watanni, sau da yawa hadari yakan taso bayan azahar. Wata rana ya wuce cikin awa guda, wata rana ya zauna har magariba.

Me ya sa hadari ya yi yawa a Fulorida?

Fulorida doguwar ƙasa ce da ta kutsa cikin teku. Ruwa ya kewaye ta gabas da yamma da kudu. Da rana, ƙasa takan fi teku zafi. Sai iska mai laima ta taso daga gabas, wata ta taso daga yamma, su haɗu a tsakiyar ƙasar. In sun haɗu, iskar takan hau sama, ta yi sanyi, ta zama baƙin gajimare. Tsawonsa yakan wuce kilometir 10.

Can sama akwai sanyi ƙwarai, har ɗigon ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. Ƙwayoyin ƙanƙarar suna ta karo da juna, lantarki yana taruwa cikin gajimaren. In ya yi yawa sai ya ƙwace. Haskensa shi ne walƙiya. In ya sauko har ƙasa, shi ake kira aradu. Iskar da ke kan hanyarsa takan ɗau zafi nan take, wajen digiri 30.000, ta kumbura da ƙarfi. Ƙarar wannan kumburi ita ce tsawa.

Me ya sa ake tsai da wasanni?

Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo da abin da ke tsaye shi kaɗai a fili. Yawancin wasannin waje kuwa sama suke kai mutum, ko kuma cikin ruwa ake yin su. Saboda haka ma'aikatan filin suna bin tafiyar hadari da na'urori. Da zarar walƙiya ta kusanto, sai su tsai da jiragen da ke gudu a waje, su rufe wuraren wanka, su fid da kowa daga ruwa.

Wani lokaci ana rufewa alhali ko yayyafi ba a fara ba. Yara sukan ji haushi, musamman waɗanda suka daɗe cikin layi. Amma ma'aikatan suna da gaskiya. Aradu tana iya faɗuwa kilometir 15 daga inda ake ruwa, kan mutumin da ke ganin rana a bisa kansa. Duk wanda ya ji tsawa, to, ya shiga inda aradu za ta iya kai masa. Rigakafi ya fi magani.

Ina ake fakewa?

Mafaka ta gari ita ce babban gini mai bango da rufi da ƙofa. Manyan gine-ginen filin suna da tsinken ƙarfe a bisansu, an haɗa shi da waya mai kauri har cikin ƙasa. In aradu ta faɗo, sai ta bi wayar ta nutse, ba ta taɓa mutanen da ke ciki ba. Wani masani ɗan Amurka, Benjamin Franklin, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a ƙarni na 18. Mota mai jikin ƙarfe ita ma mafaka ce, in an rufe gilasai.

Gindin itace ba mafaka ba ne. Rumfa marar bango da lema suna tare ruwa, amma ba su tare aradu. Ba a jingina da shingen ƙarfe, domin ƙarfe yana kai lantarki nesa. Ko cikin gini ma, ba a tsayawa bakin ƙofa ko taga, ba a taɓa famfo da wayoyin wuta.

Wajen shiga mafaka a yi sauri, amma ban da gudu da tura juna, gama daɓe mai ruwa yana da santsi. Ƙaramin yaro ya riƙe hannun babba. Tun da safe iyali su zaɓi wurin haɗuwa cikin wani gini, saboda ko wani zai ɓace a cunkoso. Yaron da ya ɓace ya nufi ma'aikaci, ya faɗa masa sunansa da na iyayensa. Ana gane ma'aikatan da ɗan allon suna da ke ƙirjinsu.

Me ake yi in hadari ya daɗe?

Ranar ba ta ɓaci ba, domin wasanni da yawa cikin gini suke, kuma galibi ba a rufe su saboda hadari.

A filin da ake kira Magic Kingdom akwai wani gida inda ake shiga kwale-kwale, a bi ƴar ƙorama a hankali. Hagu da dama ƴan tsana ne ɗaruruwa, sanye da tufafin ƙasashen duniya, suna waƙa suna rawa. Masu son gudu kuma sukan nufi Space Mountain, wani jirgi mai tsere cikin duhu, wanda aka buɗe a 1975.

A filin EPCOT, wanda aka buɗe a 1982, akwai ƙaton gini mai siffar ƙwallo. A cikinsa ana nuna yadda ɗan Adam ya yi ta neman hanyar isar da saƙo, tun daga zane a bangon kogo, zuwa rubutu, zuwa injin buga littafi, har zuwa kwamfuta. Akwai gidan kifaye, inda ake kallon manyan kifayen teku da kunkuru ta bayan gilashi. Akwai kuma lambu cikin rufi, inda ake nuna noman kayan miya ba tare da ƙasa ba: ana ba saiwar ruwan da aka narka taki a ciki. Yaro mai lura yakan fita daga nan da ilimi fiye da wanda ya wuni bisa lilo.

Lokacin hadari shi ne kuma lokacin cin abinci, da shan ruwa, da hutar da ƙafafu. Jariri ya yi barci, tsoho ya samu kujera. In gidajen kallo sun cika, iyali sukan zauna gefe guda su yi tatsuniya ko kacici-kacici. Wasu sukan buɗe taswirar filin, su tsara inda za su nufa in an ɗauke ruwa. Yara manya su lallashi ƙannensu masu tsoron tsawa.

Lissafin nisan aradu

Akwai wani wasan lissafi da ake yi daga cikin mafaka. Haske yana isowa ido nan take. Ƙara kuwa tana tafiyar metir 340 cikin sakan ɗaya, wato kusan kilometir ɗaya cikin sakan 3. In an ga walƙiya, sai a fara ƙidayar sakan har a ji tsawa, sannan a raba da 3. Misali, in an ƙidaya sakan 15, aradun ta faɗi a nisan kilometir 5. In ƙidayar tana raguwa, hadari yana matsowa. In tana ƙaruwa, yana tafiya.

Yaushe ake fita?

Ɗaukewar ruwa ba ta isa a fita ba, gama hadari yakan jefo aradu ta bayansa. Masana yanayi sun ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. In an sake jin wata, sai a soma ƙidaya daga farko. Mai haƙuri yakan ci riba: mutane da yawa sun koma masauki, iska ta yi sanyi, layi ya ragu.

Haka abin yake a Nijar

Watannin hadari a Fulorida su ne watannin damina a Nijar, kuma aradu ɗaya ce ko'ina. Ɗaliban da suka je ziyara Gidan Tarihi na Ƙasa a Yamai, wanda aka kafa a 1959, in hadari ya taso sai su bar kallon zaki da dorina, su bi malaminsu zuwa ɗakunan da aka ajiye tufafin gargajiya da kayan kiɗa. Masu buga ƙwallo su bar fili su shiga aji. Mai wanka a tabki ya fito. Manomi da makiyayi su kama hanyar gida tun hadari yana nesa. Wanda ya rasa gini ya sauka daga tudu, ya nisanci dogon itace, kada kuma ya shiga ƙoramar da ruwa ke bi.

Wasu suna cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Wannan kuskure ne, lantarki ba ya zama a jikin mutum. A taimake shi nan da nan, a kira manya, a kai shi gidan likita.

Abin riƙewa

In an ji tsawa, a shiga gini.
Gindin itace da rumfa ba su tare aradu.
A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Kalmomi

hadari: l'orage
walƙiya: l'éclair
tsawa: le tonnerre
aradu: la foudre
mafaka: l'abri

Tambayoyi

1. A wace ƙasa birnin Orlando yake?
2. Yaya walƙiya take samuwa cikin gajimare?
3. Don me ake rufe wasannin waje tun ba a fara ruwa ba?
4. Ku faɗi abubuwa uku da iyali ke iya yi in hadari ya daɗe.
5. An ga walƙiya, an ƙidaya sakan 9 kafin a ji tsawa. Kilometir nawa ne nisan aradun?
6. Ku zana taswirar makarantarku, ku nuna wuraren da suka dace a fake da waɗanda ba su dace ba.