Ko Kun Sani? Gawo Yakan Ruɗi Mai Ɗaukar Hoto

Duk mai sha'awar ɗaukar hoton daji da ya shiga gonakin Aguié ko Gazawa da damina don ya ɗauki gawo, ya yi sammako a banza. Gawo yakan kaɗe ganyensa sarai idan ruwa ya sauka, sai da rani yake yin kore shar. A watan Janairu ake samun hoton da ya fi kyau: ƙasa ta yi fari fat, awaki na tsintar 'ya'yan gawo a inuwa, ga karen makiyayi mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki kwance a gindin itace.

Irin wannan kare ba ya son baƙo. Gwanaye sukan durƙusa daga nesa da sassafe, kafin hazo ya yi kauri, su jira ya ɗaga kai da kansa.

Itatuwan nan ma hoto ne ya bayyana wa duniya yawansu. Masani Gray Tappan na Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, aka gano manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba dashe suka yi ba, tohon kututture suka dinga bari suna yi masa aski, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Aguié ya yi suna a wannan aiki.