Zanen Da Ake Bugawa a Zariya

Iyaye, kada ku yi saurin tsawata wa yaron da ya cika zane. Ɗan Karare da ya iya sassaƙa ƙwarya ya san rabin aikin da ake koyarwa a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibi yakan sassaƙa hoto a katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda, inji ya danne. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Inda wuƙa ta ci kuwa fari ne, ba gyara.

Bruce Onobrakpeya ya shiga makarantar a 1957, tun tana kwaleji. A 1969 ya buga hotuna 14 na tafiyar Yesu zuwa gicciye, mutanen ciki sanye da tufafin ƙasarmu.