Rabon Iko Tsakanin Majalisar Birnin Landan da Hukumar Sufuri

Dokar 1999, wadda ta haifi Hukumar Sufurin Landan a shekarar 2000, ta danƙa linzamin hukumar ga magajin gari. Shi ke naɗa shugabanninta, shi ke yanke kuɗin shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Majalisar birni, mai wakilai 25, bincike ne aikinta. Ba ta iya sauya kasafin kuɗinsa sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku, abin da ke da wuyar samu.

Tituna kuwa, kusan kashi 95 cikin ɗari suna hannun majalisun unguwanni, kuma nan gizo ke saƙa. A 2023, da aka faɗaɗa harajin motoci masu hayaƙi, huɗu daga cikinsu da majalisar gundumar Surrey suka kai ƙara. Babbar Kotu ta ce magajin gari bai ƙetare iyakar ikonsa ba.