Satar Asusun Wasannin Waya: Sanadi da Sakamako

A zamanin wasan maciji na wayar Nokia, babu abin sata a cikin wasa. Tun fitowar Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018 da Call of Duty: Mobile a 2019, asusun ɗan wasa ya zama dukiya. A cikinsa ake tara matsayin da aka shekara ana nema, da tufafi da makaman da aka saya da kuɗi na gaske. Duk abin da ke da farashi kuwa ba ya rasa ɓarawo.

Babban sanadi shi ne kasuwar bayan fage. Dokokin kamfanonin wasannin sun hana sayar da asusu, amma ana cinikinsa a zaurukan Facebook da Telegram. Wannan kasuwa ce ke ba mai kutse wurin kai kayan sata. A can ne ma wani zai sayar da asusu, ya karɓi kuɗi, sannan ya kai ƙorafi wajen kamfani cewa an yi masa kutse, a mayar masa da abinsa.

Sai kwaɗayi, mabuɗin wahala. Ana turo wa yaro shafin bogi mai alƙawarin ba shi UC ko daimon kyauta, wato kuɗin cikin wasa, ya rubuta kalmar sirrinsa ta Facebook ko Gmail da hannunsa. Da yake da waɗannan ake shiga wasan, ɓarawo ya samu wasa, ya samu hotuna da saƙonni, har da damar damfarar 'yan uwa da sunan yaron. Ga kuma ɗabi'ar amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Lokacin da aka yi wa kamfanin Zynga kutse a 2019, bayanan asusu fiye da miliyan 170 ne suka fita, kuma irin waɗannan bayanai ake gwadawa a wasu manhajoji.

Kamfanoni sun mayar da martani da tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da aka turo wa mai asusu. A 2018, Epic Games ya ba 'yan wasan Fortnite kyautar wata rawa ta cikin wasa idan suka kunna tsarin. Supercell, mai Clash of Clans, ya fito da tsarin da ke ɗaure asusu da lambar waya, bayan da 'yan damfara suka riƙa yaudarar ma'aikatan kula da ƙorafi. A 2022 kuma Apple da Google da Microsoft suka amince da shiga da zanen yatsa ko fuska maimakon kalmar sirri.

Matakan sun rage amfanin kalmar sirrin da aka sata, sai ɓarayi suka koma kan mutum: a kira shi da sunan kamfani, a ce ya karanto lambar da ta shigo. Matakan sun kuma haifar da wata matsalar, musamman a nan gida. Matasa da yawa a shagon sayar da waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrinsa ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfanin sadarwa kan sake sayar da shi, lambar tantancewa ta riƙa zuwa wa baƙo. Tsaron da aka yi don ɓarawo sai ya kulle mai abu a waje.

Duk da haka, amfanin tantancewar ya rinjayi illarta, muddin layin da imel ɗin suna hannun mai asusu. Ɗan wasa ya canza kalmar sirrin da wani ya sani, ya adana rasit ɗin sayayyarsa ta farko don ranar ƙorafi, kada kuma ya karanta wa kowa lambar da aka turo masa.