Daga wane aljihu ake biyan masu tuhuma a Bangui?

A unguwar Kilomita Biyar, cibiyar kasuwancin Bangui inda Hausawa da Fulani da sauran Musulmi suka fi yawa, duk mai ɗan'uwa da ke fatauci zuwa Bambari ko Bria ya san fargabar shingen kan hanya. Tun 2018 da 'yan Rasha suka shigo Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da sunan horar da sojoji, rahotannin kame da azabtarwa ba su yanke ba. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun faɗa a 2021, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙara tabbatarwa a watan Mayun 2022, kuma zargin haɗa baki da 'yan tawaye sau da yawa kan Musulmi yake faɗawa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ake biyan masu wannan aiki. Kuɗin yana zagayawa ta kamfanoni irin su Lobaye Invest mai haƙar zinari da lu'ulu'u, wanda Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi a 2020 saboda alaƙarsa da Yevgeny Prigozhin, uban tafiyar ƙungiyar sojojin haya ta Wagner. Shekara da shekaru Mosko tana musun alaƙarta da Wagner, sai a watan Yunin 2023 Putin ya furta da bakinsa cewa baitulmalin Rasha ne ke ɗaukar nauyinta. 'Yan jaridar Rasha uku da suka zo bin diddigin lamarin kuwa, kusa da Sibut aka kashe su a Yulin 2018.

Ita ma Amurka hannunta ba tsaf yake ba wajen ɓoye hanyar biyan kuɗi. A 1953 hukumar leƙen asirinta, CIA, ta buɗe shirin MKUltra don neman ƙwayar da za ta sa mutum ya fallasa sirri. Ta gidauniyoyin bogi ta riƙa tura kuɗi ga jami'o'i da asibitoci. A Montreal ta Kanada, likita Ewen Cameron ya yi ta sa marasa lafiya barcin makonni da magani, yana jona musu lantarki a ka, alhali sun zo neman sauƙi ne. A 1973 shugaban hukumar, Richard Helms, ya sa aka lalata takardun. Dubban shafukan da suka tsira, aka gano su a 1977, na lissafin kuɗi ne, kuma su suka ƙara tona asirin.

Wani zai ce ba don 'yan Rasha ba da 'yan tawayen CPC sun ci Bangui ranar 13 ga Janairun 2021, kuma tsaro ba ya yiwuwa sai da sirri. Na yarda sun taimaka wajen korar maharan, na kuma yarda ba a shelar dabarun yaƙi a kasuwa. Amma ɓoye dabara daban, ɓoye ubangida daban. Sojan da albashinsa ke cikin kasafin kuɗi, majalisar dokoki na iya kiran ministansa, alƙali na iya neman sunansa. Wanda ake biya da ramin zinari, uwar da aka ɗauke ɗanta da dare ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, ba ta ma san wanda za ta kai ƙara ba. Haƙƙin mutanen Kilomita Biyar ne su matsa wa 'yan majalisarsu a baje yarjejeniyar da aka ƙulla da 'yan Rasha da lasisin ma'adinan a zauren majalisa, a karanta su da sunayen waɗanda suka sa hannu.